Ɗan Allah Ya Zama Mutum: Shirin Da Ya Riga Duniya

Wata rana a ajin masu shirin baftisma muna nazarin faɗuwar Adamu da Hawwa'u, sai wata yarinya wadda ba ta wuce shekara 14 ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina da tambaya. Da iyayenmu na fari ba su ci 'ya'yan itacen nan ba, da Yesu zai zo duniya? Ko kuwa sai da abu ya lalace ne Allah ya fara neman dabara?" 'Yan ajin suka yi dariya, amma ni ban yi ba, domin na san manyan malaman ikkilisiya sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya. Na kuma lura da yawa daga cikinmu manya muna ɗaukar Almasihu kamar facin da tela yakan ɗora wa riga bayan ta yage. Wanda yake da wannan tunani bangaskiyarsa takan raunana a ranar wahala, gama zai ce a ransa, idan zunubin Adamu ya zo wa Allah ba zato, watakila abin da ya same ni ma ya zo masa ba zato.

Darasinmu na wannan fitowa yana so ya nuna daga Littafi Mai Tsarki cewa zuwan Ɗan Allah cikin jiki nufi ne da Allah ya ƙudura tun fil azal. Kafin a ci gaba, bari wani a cikin iyali ya karanta Yohanna 1:1-18, wani kuma ya karanta Afisawa 1:3-14, sa'an nan a yi addu'a.

Me Muke Nufi Da Zama Jiki?

Sa'ad da muka ce Ɗan Allah ya zama jiki, muna nufin cewa Kalman Allah madawwami, wanda yake ɗaya da Uba da Ruhu Mai Tsarki cikin allahntaka, ya ɗauki cikakkiyar mutuntaka a cikin budurwa Maryamu ta ikon Ruhu Mai Tsarki, aka haife shi a Baitalami, aka sa masa suna Yesu. Bai daina zama Allah ba sa'ad da ya zama mutum. Mutuntakarsa kuma ta gaske ce, da jiki da rai da hankali irin namu, zunubi ne kaɗai babu a cikinsa.

Littattafan Bishara ba su ɓoye wannan ba. Luka 2:52 ya nuna yaro ne da ya yi girma a jiki da hikima. A Yohanna 4:6 mun gan shi ya gaji da tafiya ya zauna bakin rijiya a Samariya. A Markus 4:38 barci ya kwashe shi a cikin jirgi, amma da aka tashe shi ya tsawata wa iska, ta kuwa yi masa biyayya. Ya yi kuka a kabarin Li'azaru, sa'an nan ya kira shi ya fito da rai. Wanda ya yi barcin shi ne ya tsawata wa iskar, wanda ya yi kukan shi ne ya ta da mataccen. Almasihu ɗaya ne.

Akwai abin lura a Yohanna 1:14. Kalmar Helenanci da manzon ya yi amfani da ita game da zaman Almasihu a cikinmu tana da ma'anar kafa alfarwa. Duk Bayahuden da ya ji ta zai tuna da alfarwa ta sujada a jeji, inda ɗaukakar Allah ta sauka a tsakiyar zangon Isra'ila. Wato abin da alfarwar Musa take nunawa a inuwa, shi ne ya tabbata a jikin Yesu.

Shirin Ya Riga Halitta

Hausawa sukan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manomi mai hankali yakan keɓe iri a rumbu tun da kaka, ba ya jira sai ruwan shuka ya sauka. Mace mai juna biyu takan tanadi zanen goyo tun ba ta ga fuskar jaririn ba. Idan mu 'yan adam da ba mu san gobe ba mun iya tanadi haka, ina ga Allah wanda ya san ƙarshen abu tun daga farkonsa?

Manzanni sun yi magana da murya ɗaya a kan wannan. A Afisawa 1:4 Bulus ya koyar cewa zaɓen da Allah ya yi mana a cikin Almasihu ya girmi duniya. A aya ta 9 da ta 10 ya bayyana inda shirin ya dosa, wato a tattara dukan abin da ke sama da ƙasa a ƙarƙashin shugabancin Almasihu. A 2 Timoti 1:9 ya gaya wa ɗansa cikin bangaskiya cewa alherin da ya cece mu an riga an ba mu shi a cikin Almasihu Yesu kafin a fara ƙidayar zamani. Bitrus ma, a wasiƙarsa ta fari 1:18-20, ya kwatanta Almasihu da ɗan rago marar aibi wanda aka keɓe tun duniya ba ta kafu ba, aka kuma bayyana shi a ƙarshen zamani saboda mu. Ko gicciyen kansa, a wa'azin ranar Fentikos, Bitrus ya ce ya faru ne bisa ga nufin Allah da rigyasaninsa, ko da yake bai wanke hannun waɗanda suka aikata shi ba (Ayyukan Manzanni 2:23).

Kolosiyawa 1:15-17 ya ƙara kai mu zurfi. Ya nuna cewa ta wurin Ɗan aka yi kome, kuma dominsa aka yi. A lura da wannan kalma, dominsa. Duniya da abin da ke cikinta tun farko fuskarsu tana duban Almasihu. Shi ya sa a Romawa 5:14 Bulus ya ɗauki Adamu a matsayin hoton wani mai zuwa. Mu mukan ƙidaya Adamu na fari, Almasihu na biyu, domin haka suka bayyana a tarihi. A cikin nufin Allah kuwa Almasihu ne asali, Adamu kwatanci.

Yadda Allah Ya Bayyana Shirinsa Sannu A Hankali

Allah bai buɗe asirin nan gaba ɗaya a rana ɗaya ba. Ya yi ta ɗage labulen kaɗan-kaɗan, kowane alkawari yana ƙara fayyace wanda ya riga shi.

A gonar Aidan, tun kafin a kori Adamu da matarsa, Allah ya faɗa cewa daga zuriyar macen ne mai ƙuje kan maciji zai fito (Farawa 3:15). Wannan ya nuna mai ceton zai zama ɗan mace, wato mutum. Daga baya aka gaya wa Ibrahim cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka (Farawa 12:3), sai muka san al'ummar da zai fito. Yakubu a gadon mutuwarsa ya ambaci sandan sarauta a gidan Yahuza (Farawa 49:10), sai muka san kabilar. Wajen shekara 1,000 kafin haihuwar Yesu, annabi Natan ya kawo wa Dawuda alkawarin gadon sarauta marar matuƙa (2 Sama'ila 7), sai muka san gidan. Fiye da shekara 700 kafin haihuwarsa, Ishaya ya yi annabcin budurwa da za ta haifi Immanuwel, sunan da ke shaida cewa Allah yana tare da mutanensa, ya kuma nuna Bawan Ubangiji da zai sha azaba saboda laifin waɗansu. A wannan zamani ne Mika ya ambaci sunan garin, Baitalami, ɗan ƙaramin gari mai nisan kamar kilomita 10 kudu da Urushalima, ya kuma ce asalin mai mulkin da zai fito daga can ya koma can baya ƙwarai (Mika 5:2).

A duba jerin sunayen da Matiyu ya buɗe Bishararsa da shi, wanda yawancinmu mukan tsallake a lokacin sujadar iyali. Kafin a kai ga Maryamu, an ambaci mata 4. Akwai Tamar, wadda labarinta da surukinta Yahuza ba mai daɗin ji ba ne. Akwai Rahab, Bakan'aniya, karuwar Yariko. Akwai Rut, gwauruwa daga Mowab. Akwai kuma matar Uriya, wadda Dawuda ya ƙwace ya sa aka kashe mijinta. Ta cikin wannan zuriya mai tabo ne Allah ya bi da alkawarinsa, babu kuwa zunubin ko ɗaya daga cikinsu da ya iya karya shi.

Da Lokaci Ya Yi

Bayan annabi Malakai aka yi wajen shekara 400 ba a ji muryar annabi a Isra'ila ba. Mai duba da idon mutum zai ce Allah ya manta. Amma a cikin waɗannan shekaru ne Iskandari Mai Girma, wanda ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu, ya baza harshen Helenanci daga Masar har iyakar Indiya. A birnin Iskandariya na Masar aka fara juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci tun ƙarni na 3 kafin Almasihu, har al'ummai suka iya karanta alkawuran da kansu. Yahudawa da suka warwatsu suka kafa majami'u a manyan birane. Romawa kuma suka shimfiɗa hanyoyi, suka haɗa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum a ƙarƙashin mulki ɗaya. Waɗannan duka manzanni suka tarar a shirye sa'ad da suka fita da bishara.

Kaisar Augustas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin Almasihu zuwa ta 14 bayan haihuwarsa, ya ba da umarnin ƙidayar jama'a domin bukatar mulkinsa. Bai san Mika ba, bai san Maryamu ba. Duk da haka umarninsa ne ya ta da Yusufu da Maryamu daga Nazarat ta Galili, suka yi tafiyar kwanaki zuwa Baitalami, a can aka haifi yaron, a zamanin sarki Hirudus. Wannan ne Bulus yake nufi a Galatiyawa 4:4 da ya yi maganar cikar lokaci. Agogon Allah bai yi latti ba, bai kuma yi gaggawa ba.

Me Ya Sa Sai Ya Zama Mutum?

Wani zai ce, ai Allah mai iko duka ne, me ya hana shi ya yi magana daga sama kawai a gafarta wa kowa? Littafi Mai Tsarki ya ba mu dalilai.

Na fari, domin mu san Allah. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ibraniyawa 1:1-3 ya nuna Allah ya aiko annabawa sau da yawa ta hanyoyi dabam-dabam, a ƙarshe kuwa ya yi magana ta wurin Ɗansa. Annabi yana kawo labarin Allah, Ɗan kuwa yana nuna Uban da kansa. Atanasiyus na Iskandariya, a littafin da ya rubuta a ƙarni na 4 kan zaman Kalma mutum, ya ba da misalin hoton da aka zana a allo ya dushe da datti. Mai zane ba ya yar da allon, sai dai mai hoton ya sake zuwa ya zauna a sabunta zanen. Mu ne hoton, gama cikin kamannin Allah aka yi mu, Almasihu kuwa shi ne ainihin surar Allah da ya zo domin a sabunta mu.

Na biyu, domin ya mutu a madadinmu. Allahntaka ba ta mutuwa. Ibraniyawa 2:14-17 ya koyar cewa tun da yake mu masu nama da jini ne, shi ma ya ɗauki nama da jini domin ta wurin mutuwarsa ya karya ikon Iblis. Anselm, babban bishop na Kantabiri a Ingila, ya kammala wani littafi a 1098 a kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, bashin zunubi a wuyan mutum yake, saboda haka mutum ne ya kamata ya biya, amma girman bashin ya fi ƙarfin kowane mutum, Allah ne kaɗai zai iya. Dole ne mai biyan ya zama Allah, ya kuma zama mutum. Shi ya sa 1 Timoti 2:5 ya kira shi matsakanci, ya kuma jaddada cewa mutum ne.

Na uku, domin ya zama babban firist mai jin tausayinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ubangijinmu ya shiga ɗakin namu ya kwana a ciki. Ya san yunwa, ya san cin amanar aboki, ya san shari'ar zalunci. Ibraniyawa 4:15 ya ce an jarabce shi ta kowace hanya kamarmu, amma bai yi zunubi ba.

Na huɗu, domin ya ɗaukaka mutuntakarmu. Bai tuɓe jikinsa ya bar shi a kabari ba. Bayan tashinsa ya nuna wa almajirai hannuwansa da ƙafafunsa, ya ci gasasshen kifi a gabansu (Luka 24:39-43). Da wannan jiki ya hau sama, da shi kuma zai dawo. Yau akwai ɗan'uwanmu, mutum, a dama ga Uba.

Yadda Ikkilisiya Ta Tsare Wannan Koyarwa

Tun manzanni suna da rai waɗansu suka fara cewa jikin Yesu kama ce kawai, domin a ganinsu jiki ƙazamin abu ne da Allah ba zai taɓa ba. Yohanna ya ƙi su ƙiri-ƙiri a 1 Yohanna 4:2-3. A farkon ƙarni na 2, Ignatiyus, bishop na Antakiya, yana kan hanya zuwa Roma inda za a kashe shi, ya rubuta wa ikkilisiyoyi cewa idan wahalar Almasihu ta ƙarya ce, to sarƙar da shi yake ɗaure da ita banza ce.

A ƙarni na 4 kuskuren ya fito ta ɗaya gefen. Ariyus, wani limamin ikkilisiya a Iskandariya, ya koyar cewa Ɗan halitta ne, mafi girma a cikin halittu, amma akwai lokacin da babu shi. A shekara ta 325 sarki Konstantin ya kira shugabannin ikkilisiya zuwa Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yau. Taron ya tabbatar cewa Ɗan ba halitta ba ne, ainihinsa ɗaya ne da na Uba. A 2025 aka cika shekara 1,700 da wannan taro. Atanasiyus, ɗan Afirka, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328 ya mutu a 373, sau 5 aka kore shi daga kujerarsa saboda ya ƙi sassautawa a kan wannan magana.

Bayan haka Afolinariyus na Lawudikiya ya ce Yesu ba shi da hankali irin na mutum. Girgori na Naziyanzus ya amsa cewa duk sashen mutuntaka da Almasihu bai ɗauka ba, wannan sashe bai sami warkarwa ba. Taron Konstantinoful na 381 ya ƙi koyarwar Afolinariyus. Aka yi wani taro a Afisa a 431, sa'an nan a Kalsidon a 451, inda aka bayyana cewa Almasihu ɗaya ne mai allahntaka cikakkiya da mutuntaka cikakkiya, ba su cuɗe ba, ba su kuma rabu ba. Ikkilisiyoyin Masar da Habasha ba su karɓi lafazin Kalsidon ba, amma su ma suna shaida cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum. Duk lokacin da muka tashi tsaye a majami'a muka faɗi shaidar bangaskiya, gādon waɗannan mutane muke ci.

Mu Koma Ga Tambayar Yarinyar

To, da Adamu bai yi zunubi ba, da Ɗan Allah zai zama mutum? Tomas Akwinas, wanda ya mutu a 1274, ya ce abin da ya dogara ga nufin Allah kaɗai ba ma iya saninsa sai ta abin da ya bayyana, Littafi Mai Tsarki kuwa a kowane wuri yana haɗa zuwan Almasihu da ceton masu zunubi. Saboda haka ya fi karkata ga cewa da babu zunubi da bai zo ba, ko da yake ya yarda ikon Allah bai iyakance ga wannan ba. Yohanna Duns Skotus, wanda ya mutu a 1308, ya ga abin dabam. A ganinsa Almasihu ne mafi girman aikin ƙaunar Allah, ba zai yiwu a ce mafi girman alheri ya rataya a kan laifin halitta ba. Allah ya nufi Almasihu da fari, zunubi kuwa shi ya sa zuwan nasa ya bi ta gicciye.

Wannan ba batun da zai raba zumunci ba ne, gama Allah bai ba mu labarin duniyar da ba a yi ba. Amma a lura da inda malaman biyu suka haɗu. Babu ɗayansu da ya ce faɗuwar mutum ta zo wa Allah ba zato. Allah ya san abin da Adamu zai yi tun bai hura masa numfashi ba, ya san kuma abin da fansarsa za ta ci, duk da haka ya halicce shi. Allah ba shi ne mawallafin zunubi ba, laifin na mutum ne. Amsar da na ba yarinyar ke nan: "'Yata, rabin tambayarki na fari Allah bai bayyana mana ba. Rabi na biyu kuwa amsarsa a fili take. Allah bai taɓa neman dabara ba. Tun ba a yi rigar ba ya san Almasihu ne zai zama suturarmu."

Abin Da Wannan Yake Nufi A Gidajenmu

Ya ku iyaye, koyarwar nan tana da aiki a cikin gida.

Da fari, tana ba da tabbaci. Idan ceton mai bi ya samo tushe daga nufin Allah na har abada, to bai rataya a kan yadda muke ji yau ba. A gaya wa kowane yaro, har da maraya da wanda aka haifa ba a shirya ba, cewa a wurin Allah babu wanda ya zo bisa kuskure.

Tana kuma ta'azantar da masu wahala. Iyalai da yawa a Filato, da Binuwai, da kudancin Kaduna, da Borno da Adamawa sun san abin da ake nufi da gudu da dare da yaro a baya. Yusufu ma ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka gudu Masar saboda takobin Hirudus. Nahiyarmu ta Afirka ce ta ba Ubangiji mafaka. Ba za mu iya bayyana wa gwauruwa dalilin kowane abu da ya same ta ba, kada ma mu gwada. Abin da za mu iya faɗa da gaskiya shi ne, wanda take kuka gare shi ya taɓa zama ɗan gudun hijira, ya kuma tsaya a bakin kabarin wanda yake ƙauna.

Tana girmama jiki da aikin hannu. Markus 6:3 ya nuna mutanen Nazarat sun san shi a matsayin masassaƙi, Luka 3:23 kuma ya ce yana da wajen shekara 30 sa'ad da ya fara hidimarsa a fili. Yawancin kwanakinsa a duniya a wurin sana'a ya yi su. Iyayensa da suka kai shi Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya tanada domin wanda ba shi da halin rago. Kada ɗan Kirista ya raina noma ko kafinta ko ɗinki, kada kuma mai hali ya raina matalauci. Wannan fahimta ce ta sa masu kawo bishara ƙasarmu suka haɗa wa'azi da jinya, kamar yadda aka yi a asibitin Vom da kuma Garkida, inda aka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a 1923, daga baya aka buɗe wurin jinyar kutare. Wanda ya gaskata Allah ya ɗauki jiki ba zai ƙyale jikin ɗan'uwansa cikin ciwo ba.

Tana rushe kabilanci. Ubangiji ya yi magana da harshen ƙauyensu, ya ci abincinsu, a cikin zuriyarsa kuma akwai Bakan'aniya da Bamowabiya. Kamar yadda Kalman ya shiga al'umma guda, haka maganarsa take shiga kowane harshe. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ana kuma ci gaba da juya shi zuwa harsunan iyayenmu. Iyalin da ya hana 'yarsa auren mai bi na kirki don kabilarsa kawai, ko ikkilisiyar da take zaɓen dattawa bisa ga yare, lalle su sake karanta Matiyu sura 1.

Tana koya mana tawali'u. A Filibiyawa 2:5-11 Bulus ya kawo maganar saukowar Almasihu ne domin ya sulhunta 'yan'uwa masu gardama. Maigidan da yake ganin girmansa ya hana shi ɗaukar jariri ko ba uwargida haƙuri, bari ya tuna da wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

A ƙarshe, tana shirya yaranmu su ba da amsa. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, sun kuma yarda budurwa ce ta haife shi, amma ba su yarda shi Ɗan Allah ne ba. Za a tambayi yaranmu a makaranta, yaya Allah zai haihu, yaya zai ci abinci ya yi barci? A koya musu su bayyana cewa Kirista bai taɓa cewa Allah ya yi aure ba, bai kuma ce akwai alloli uku ba. Allah ɗaya ne, Kalmansa kuwa yana tare da shi tun fil azal, wannan Kalma ne ya zama mutum. A koya musu su faɗi wannan da ladabi da tawali'u kamar yadda 1 Bitrus 3:15-16 ya umarta, ba da zagi ko gardamar kasuwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yaron da ba a koya masa a gida ba, kowace iska za ta ɗauke shi.

Littafi Mai Tsarki ya rufe da abin da Allah ya nufa tun farko. A Wahayi 21:3 an nuna mazaunin Allah yana tare da mutane har abada. Komin dabbobi na Baitalami da gicciyen Golgota da kabarin da aka tarar wofi, duka matakai ne zuwa wannan rana.

Tambayoyi Domin Tattaunawa A Iyali

1. Da bakinka, yaya za ka bayyana wa yaro ɗan shekara 10 cewa Yesu cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma?
2. Wane alkawari ne a Tsohon Alkawari ya nuna kabilar Almasihu, wanne ya nuna gidansa, wanne kuma garinsa?
3. Wane hasara za mu yi da a ce jikin Yesu kama ce kawai? Wane hasara kuma da a ce shi halitta ne?
4. Akwai wani a unguwarmu ko ikkilisiyarmu da muka saba aika masa gaisuwa, alhali ya kamata mu je da kanmu? Yaushe za mu je?

Addu'a

Ya Uba Madawwami, muna yi maka godiya domin ka ƙaunace mu cikin Ɗanka tun ba ka kafa duniya ba. Ka gafarta mana inda muka yi shakkar nufinka a ranar wahala. Ka ba gidanmu halin Almasihu, ka ta'azantar da waɗanda aka raba da gidajensu, ka ba yaranmu hikima su shaida sunanka da ladabi. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.